Makewayin Ɗakin Baba

Batsari,
6 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Yaya Zuwairatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya, ke da Malam Mani da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Matata Muhsina tana gaishe ku, cikinta ne ya tsufa, da tuni ta zo Safana dubiya.

Gambo direba ya kawo mini takardarki jiya da la'asar. Tun da aka katse layin waya, motarsa ce ta zama wayarmu. Na ji daɗi da ƙashin ƙugun Inna ya kama, ko da yake maɗori ya ce ita da tsuguno har abada. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da kika ce ta rage cin abinci, ruwa ma sai dai ta jiƙa leɓe. Ba za ta faɗi dalili ba, amma ni da ke mun sani. Ba ta son ku riƙa cicciɓarta kuna ɗorawa a fo, kuna tsaye a kanta.

Sai na tuna da ɗakin Baba. Kin san shekarar da gwiwoyinsa suka matsa masa ya sa aka yi masa makewayi a ciki, da masai irin na zama. Tun rasuwarsa, shekara huɗu ke nan, ɗakin a kulle yake. Yau da safe na buɗe. Ashe duk tsawon lokacin nan ruwa yana tsiyaya a ciki a hankali, shi ya sa tankinmu yake saurin ƙarewa ina ta zargin Muhsina da ɓarna. Kin kuwa san zartsin ruwan burtsatsenmu. Farin tangaran ɗin nan ya ɓace. Kanta ce ta taru tun daga baki har ƙasa, wani wuri ja, wani wuri ruwan toka, da tauri kamar dutse. Na sa farce in kankara, farcen ya tsage.

Na san gishirin ruwa ne, ba ƙazanta ba. Amma Inna ko ƙwarya ta ga ta yi tabo ba ta shan fura a ciki, balle wurin da za ta zauna ta tashi ta yi alwala. Na kira Tayyib mai aikin famfo, ya tsayar da tsiyayar, ya ce a fasa wannan a sayo sabo daga Katsina. Da halin da hanya take ciki ya kasa yi mini alkawarin rana. Ba zan zauna jiransa Inna tana bushewa ba. Ni zan wanke shi, kuma sai ya yi fari. Ki ba ni mako guda, kada ki gaya mata tukuna.

Ki gaishe ta, ki lallaɓa ta ko da kunu ne.

Ƙanenki,
Armaya'u

Batsari,
11 ga Oktoba, 2021.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, Inna kuma da sauƙi. Idan kin ga rubutuna ya karkace, hannuwan ne duk sun kumbura.

Kwana biyar ban buɗe shagon ɗinki ba. Na fara da garin sabulu da buroshi, kantar ko gezau. Na koma toka da yashi. Na sa soson ƙarfe, sai ya bar baƙin zane a inda yake da sauran haske, na daina. Na zuba bilic, ruwan nan mai sa tufa fari, ya kwana, wurin ya yi ƙamshin asibiti, tabon kuma yana nan yana kallona.

Akwai abin da zan faɗa miki, gara ki ji daga bakina. Daudu mai cajin batir ya ce babu abin da ruwan batir ba ya ci, ya cika mini kwalba, ya ce in wanke wurin tas kafin in zuba. Gaggawa ta sa na manta da sauran bilic a ƙasan masan. Ina zubawa wani wari ya taso ya shaƙe ni, idanuna suka rufe, ƙirjina kamar an cusa barkono. Ban san inda ƙofa take ba. Muhsina ce ta ji tarina, ta ja numfashi ta riƙe, ta shigo da cikin nan nata ta jawo ni waje ta wuyan riga. Mun buɗe taga, sai da aka jima sannan na koma da tsumma a hanci na yi ta sheƙa ruwa bokiti-bokiti. A asibiti an duba mu, an ce ita da abin cikinta lafiya, ni kuma an yi mini faɗan da na cancanta. Har yanzu idan na tuna ta shiga ɗakin nan saboda wautata, sai in sake ba ta haƙuri.

Labari ya bazu a layinmu. A masallaci wani ya tambaye ni ko tela ya sauya sana'a, aka yi dariya. Ranar farko na ji kunya, ba zan ɓoye miki ba. Amma ina durƙushe a wurin nan na tuna wadda ta wanke nawa da naki shekara da shekaru ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Daga nan dariyar ta daina kai mini ko'ina.

Mako gudan da na roƙa ya kusa cika, ban ci ko rabi ba. Ki ƙara mini. Ban san da me zan fitar da shi ba, amma zan fitar da shi.

Ƙanenki,
Armaya'u

Batsari,
19 ga Oktoba, 2021.

Yaya Zuwairatu,

Assalamu alaikum. Barka da ƙoƙari, Allah ya saka miki da aljanna. Ina gaida Malam Mani, ina kuma durƙusawa in gaida Inna.

Ban ga laifinki ba, na san Gambo ne ya zauna a tsakar gidanku ya kwashe labarin ruwan batir kaf ya faɗa, Inna tana ji daga ɗaki. Na karanta saƙonta kamar yadda kika rubuta shi, ba ki rage ko kalma ba: "Ki gaya wa sakaran nan, da me ya ga ina wanke cikin butar shayin ubansa?" Na yi dariya har tarin ya dawo. Wata biyu rabon da in ji ta zagi wani. Na kwance ƙullin tsumman da ta aiko, na tarar da dutsenta na goge kaushi.

Sai na tuna, da tsamiya da lemon tsami take fitar da kantar butar. Na bi maganarta dalla-dalla. Na jiƙa tsamiya kwano guda da ruwan zafi ta yi kauri, na matse lemon tsami a kai, na tace. Na kwashe ruwan ƙasan masan da moɗa, ragowar na tsane da soso, don kada ya sirka tsamin. Abin da ya rage shi ne yadda ruwan zai tsaya a jikin tangaran bai gangare ba. Nan sana'ata ta yi rana. Na ɗebo ƙyallayen shago na tsoma, na lilliƙa su har ƙarƙashin baki, na rufe ƙofa. Washegari da hantsi na ɗaye su. Yaya, kantar nan da ta tsaga mini farce sai ga ta ta yi laushi a sama kamar jiƙaƙƙen alli. Na jiƙa dutsen Inna na goga a hankali, ruwa ya yi ja, a ƙarƙashi na ga fari kamar faɗin tafin hannu.

Ba a rana ɗaya ta fita ba, hawa-hawa ce. Kullum sabon jiƙo, kullum guga, yau kwana shida. Muhsina tana zaune a bakin ƙofa tana tace mini tsamiya, na hana ta shigowa. Da safen nan na zuba ruwa ya gangara sumul, babu inda ya tsaya. Na kuma sa mai walda ya kafa ƙarfe a bango, wanda za ta dafa ta zauna ta dafa ta tashi.

Na yi magana da Gambo, ranar Asabar zai bar mata gaban mota ita kaɗai. Ki shirya mata kayanta.

Ƙanenki,
Armaya'u

Batsari,
25 ga Oktoba, 2021.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin huta gajiyar jinya, kuma yara suna lafiya. Inna ta iso lafiya shekaranjiya kafin azahar.

Da na ɗauko ta daga mota na tsorata da rashin nauyinta. Ban nuna ba. A ƙofar ɗakin Baba ta ce in tsaya. Ta daɗe tana kallon gadon da buzunsa, ta yi masa addu'a, ta shafa, sannan ta ce mu shiga.

Ba ta kwanta ba sai da ta ce a kai ta ta gani. Ta dafa ƙarfen, ta leƙa. Ina tsaye a bayanta kamar yaron da aka karɓi allonsa. Sai ta ce Muhsina ta kawo madubi. Ta sa na riƙe shi a ƙarƙashin baki ta baya, inda ido ba ya kaiwa, sai ga wani siririn jan layi kamar zare. Ta ce nan na yi ha'inci. Na ce gobe zan fitar da shi. Ta ce ta ji, yanzu dai mu fita, mu ja mata ƙofa.

Muka fito tsakar gida. Na tsaya kusa da taga ko za ta kira. Ba ta kira ba. Can na ji ƙarar ruwa, na ji motsin buta, sannan na ji sandarta a kan siminti, taku ɗaya, shiru, wani taku. Muhsina ta riƙe mini hannu don kada in ruga. Da kanta ta buɗe ƙofar, fuskarta da danshin alwala, ta tambayi inda aka ajiye mata abin salla.

Jiya ta cinye tuwonta da miyar kuɓewa, ta ce gishiri bai ji ba. Jan layin nan ya fita da safiyar yau, ta sake dubawa da madubi, ta miƙa hannu in mayar mata da dutsenta.

Ki kwanta ki yi barci, Yaya. Kin yi naki.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Armaya'u