Liƙin da Na Yi wa Sadiƙu a Abhur

Kawu Garba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, yaya yara? Mu nan unguwar Nuzla lafiya lau.

Ranar Alhamis ƙanena Sadiƙu da abokan kiɗansa suka yi wasa a wani ɗan zaure a unguwar Abhur, su da jita, shi da gurmin da ka aiko masa. Wallahi Kawu, da ya kama waƙar Hausa wurin ya yi tsit, har Larabawa na kaɗa kai.

Daɗi ya ɗebe ni, na je na liƙa masa riyal a goshi kamar yadda ake yi a gida. Wani ya ce, "Miskin, sadaka ake ba shi!" Aka fashe da dariya. Ka san bakina. Na zage mutumin tas, har mai wurin ya kashe lasifika.

Tun ranar Sadiƙu bai taɓa gurmin ba. Ya ce mini, "Halas, shi ke nan, ka mai da ni mabaraci." Na kasa haɗa ido da shi. Don Allah ka lallashe shi ya koma kiɗansa, ko da ni ba zai yafe mini ba.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Inna da su Hadiza.

Ɗanka,
Bashir