Luguden Inna Dela

Abhur, Maris 2004

Kawu Maman Lawali,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Maraɗi? Mu alhamdulillah, matata Sharifa tana gaisuwa.

Hamad, ɗan kafilina, wato maigidana, yaron da nake tuƙawa, ba ya jin komai a mota sai kiɗan Jamaika. Ya ce can kiɗa ɗaya ake bugawa, mawaƙa barkatai su yi ta hawa kansa shekara da shekaru. Akwai wani tsohon kiɗa da yake so. Wallahi Kawu, a ƙarƙashinsa luguden Inna Dela ne: ta buga, ta cilla taɓarya, ta tafa sau biyu. Duk unguwarmu ta Nuzla ita kaɗai ke haka. Na ji daɗi. Yaya turmin uwata ya je Jamaika?

Ɗanka,
Kassimu

Maraɗi, Mayu 2004

Kassimu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, kunnenka bai yi ƙarya ba.

A 1984, ina da shagon kaset a unguwar Sharafiyya, uwarka ta so aika wa kakarka saƙon murya. Na kai rakoda gida, kunya ta hana ta magana. Ta ce a ɗauki dakanta, tsohuwa za ta gane lafiyarta lau. Lugude na mutum uku ne, abokan dakanta kuwa ba sa nan, sai ta riƙa barin gurbinsu. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Jamaika ya ji kaset ɗin a shago, ya nace, ita da kanta ta ce a kwafa masa. Ba ta kai azumi ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Ka tuna Tani, abokiyar dakanta? Bayan shekaru ta ji kiɗan daga wata tasi, ta yi dariya, ta buga cinyarta a gurbin nan. A cikin satin muka binne ta. Da sabon kaset na kiɗan ya iso shago na saurara: taɓare biyu ne. Shi ya sa na rufe shagon na dawo gida.

Saura gurbi ɗaya. Ina roƙonka, kada ka cike shi.

Kawunka

Abhur, Yuni 2004

Kawu,

Salam. Ka ba ni dariya, halas, shi ke nan, tsufa ya zo. Wata uku ke nan ina buga gurbin a kan sitiyari, ga ni garau. Hamad ma tsokanata yake, wai kullum ina makara kaɗan. Ina ɗan shekara shida ta rasu, Kawu. Nan kaɗai nake samun zama kusa da ita, ba zan bari ba.

Sai dai kwanan nan, ko an kashe rediyo ina jin tana jira.

A gaida gida.
Kassimu

Nuzla, Satumba 2004

Kawu,

Assalamu alaikum. Sharifa ce. Na san labarin rasuwar Kassimu ya iso muku, Allah ya ba mu haƙuri. Likita bai ga komai ba.

Jiya Hamad ya kawo mana kayansa, sabon faifan kiɗan nan yana tashi a motar. Na tsaya bakin ƙofa na saurara. Taɓare uku ne, Kawu. Ta ukun tana makara kaɗan.

A sa mu a addu'a.
'Yarka,
Sharifa