Tasha ta Goma Sha Tara, Ranar Talata

Zambrow, Satumba

Yaya Regina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Ni dai ina nan. Ina ci, ina barci, ran Lahadi in kai wa matata Wanda furanni makabarta. Kin tambaye ni yadda nake ji tun bayan rasuwarta. Ba na jin komai. Sai in zauna da kofin shayi har ya huce, in zubar, in sake dafa wani.

Kin kuma tambayi Norbert. Ɗan naki bai kira ba, kuma ba ya ɗaga wayata. Maganar dai ita ce wadda kika sani: ya so a kai uwarsa asibiti a Warsaw, ita ta ce a kan gadonta za ta cika, ni kuma na goyi bayanta. A bakin kabari ya ce mini, "Ka zuba ido ta mutu, Baba," ya shiga mota. Tun daga nan ban ƙara jin muryarsa ba.

Matarsa ce ta gaya mini yanzu Lituwaniya yake kai kaya, kuma duk Talata da hantsi tirelarsa take wucewa ta sabuwar hanyar da ta kewaye garinmu. Shi ne na hau sama na sauko da tsohon rediyona na sibi, irin wanda direbobi ke magana da juna ta cikinsa, wanda na ƙare ƙuruciyata ina surutu da shi a kan titi. Kin san halinmu direbobi, ba mai wucewa bai tambayi labarin hanya a tasha ta goma sha tara ba. Ba magana zan yi masa ba. Muryar kawai nake so in ji.

Rediyon dai ya mutu, laima ta cinye cikinsa. Na kai wa Edek mai gyara, ya buɗe ya leƙa, ya ce, "Haba Lucjan, wannan ai sai addu'a. Ka kawo mini gawa ka ce in ba ta magani?" Ya jero mini sababbi a kan tebur, 'yan mitsi-mitsi kamar kwalin taba, maɓallai sun fi goma, rubutun kuwa ko da tabarau ba na gani. Ya ce rediyo kowanne ne zai yi, eriya ce magana, domin sabuwar hanyar ta yi nisa da gidana, sai doguwa ta kan rufi. Na sayi eriyar, na bar masa kwalayen tabarsa. Ran Asabar a kasuwa na samu wani rediyon a wurin mutumin nan mai kawo kayan gwanjo daga Jamus, babba, mai manyan maɓallan murɗawa irin na da. Shi hannuna ya sani.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Lucjan

Zambrow, Oktoba

Yaya Regina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga takardarki, na kuma ga faɗan. E, ni na kafa eriyar da kaina, ban faɗo ba, sai ki kwantar da hankalinki. Busassun lemar kwaɗin da kika aiko sun iso, suna nan a kicin ban taɓa ba tukuna.

Rediyon yana kan teburin kicin, inda Wanda take yanka kabeji. Talata ta zo na kunna tun da safe. Muryoyi na shigowa, amma a dagule, kamar mutane na magana da bakinsu cikin ruwa. Ka san mutum ne, ka san magana yake, ba ka kama ko kalma ɗaya. Haka Talata ta biyu, haka ta uku. Na ɗauka kunnena ne ya bi idona. Ban ji haushi ba, Yaya, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Ina zaune ina sauraron gurnani, ina cewa wataƙila wannan shi ne, wataƙila wancan, har rana ta yi tsaka in kashe.

Edek ne ya biyo ya ga yadda eriyarsa ta zauna. Ya saurara kaɗan, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Tsoho, rediyon Bajamushe ka sayo, a kan biyar yake! Mu nan a kan sifili muke magana. Kai da ka tsufa kana tsallaka iyaka kana murɗa wannan abin, yau ka manta?" Gaskiyarsa. Tashoshin namu da nasu lamba ɗaya ce, amma namu sun ɗan goce ƙasa kaɗan, kowane direban Poland ya san wannan tun kafin ya iya ja da baya. Ni na manta. Ya juya akwatin, ya taɓa wani abu a bayansa, nan take wani ƙato ya cika mini kicin yana zagin wanda ya sha gabansa.

Na ce masa na gode. Ya tsaya yana jira in yi murna, da bai ga alama ba ya sha shayinsa ya tafi.

Tashar ba kamar da ba ce. Yaran yanzu wayarsu suke kallo, masu magana sun ragu, rabinsu ma ba harshenmu suke yi ba. Amma har yanzu ana tambayar hanya, ana amsawa, ana rufewa da fatan hanya mai faɗi kamar yadda muka gada. Ina sauraro kullum yanzu, har na san inda ake gyaran gada da inda 'yan sanda suke laɓewa fiye da lokacin da nake tuƙi. Norbert dai ban ji shi ba.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Lucjan

Zambrow, Nuwamba

Yaya Regina,

Ina gaisuwa, ina fata sanyin nan bai tayar miki da ciwon ƙafa ba. Mu nan an yi iska mai ƙarfi ran Lahadi, ta karya wa maƙwabta reshe, ta kuma karkatar mini da eriya.

Na ji shi.

Jiya Talata, ina fere dankali, sai murya ta ce, "'Yan uwa, yaya hanyar Bialystok?" Muryar ta yi kauri, kamar mai mura, amma ita ce. Na ajiye wuƙar. Ba wanda ya amsa masa. Ya sake tambaya, shiru. A ƙa'idarmu ba a barin tambayar direba a rataye, amma kuma ba a faɗin abin da ido bai gani ba, ni kuwa daga tagar kicin ba abin da nake gani sai katangar maƙwabci. Sai dai tun safe nake jin masu dawowa ta can suna faɗa. Ban yi shawara da kaina ba, na ga dai hannuna ya danna makirfo.

Na ce, "Hanya lafiya, aboki. Ka dai rage gudu a gadar da ake gyara, akwai 'yan sanda laɓe bayanta."

Ya ce, "Na gode, ɗan uwa, hanya mai..." Bai ƙarasa ba. Can ya ce, "Kai wace motar kake ja?"

Na ce, "Ba mota. Daga gida nake."

Wani direba ya faɗo tsakani yana tambayar inda zai sha mai, na ji kamar in shaƙe shi, kuma rabon da in ji kamar in shaƙe wani tun kafin Wanda ta kwanta. Da ya gama, muryar Norbert ta dawo, ta fara nisa, tana yankewa.

Ya ce, "Muryarka na rawa, eriyarka ba daidai take ba. Kada ka hau rufin nan kai kaɗai, Baba. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ban sani ba ko amsar ta kai gare shi, domin ya riga ya wuce inda eriyar take kaiwa.

Kada ki ɗauki abin da yawa, Yaya. Bai ce zai zo ba, bai ce ya huce ba, da yamma na kira wayarsa bai ɗaga ba. Ban yi kuka ba, na ƙarasa fere dankalina, na dafa, na kuma cinye duka. Yau da safe Edek ya aiko cewa zai zo da tsani mu miƙe eriyar kafin dusar ƙanƙara ta sauka. Na ce a gaya masa ya bari tukuna, akwai wanda nake jira.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Lucjan