Injin da Ya Riƙe wa Losaline Fankiriyas

Yaya Heilala,

A sanar da dukan tsibirinmu na Vava'u cewa ƙaninki ya iya barci a kujerar asibiti. Ya ƙafar Mama? Mu a Sydney lafiya lau, ban da bayana.

An samo wa 'yata Losaline fankiriyas ɗin da za a dasa mata, naman cikin da ke daidaita sukari, amma jirgin da ya ɗauko shi ya makara. Likita ta ce ba zai lalace ba, inji na harba masa ruwan sanyi. Na ce mu da ƙanƙara muke adana kifi, bai taɓa ƙorafi ba.

Losaline ta ce, "Baba, rufa min asiri."

An dasa mata. Yau ta ci ayaba ba allurar ciwon sukari. Ku ci gaba da addu'a, na gaji. Batun inji kuwa, ni na yi kuskure da na raina shi.

Ƙaninki,
Pauliasi