Rigunan Radiyya Sun Fara Yi Mata Yawa

Anti Barakatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini da shawara. Wata biyu ke nan wani abu yana cina a rai, kuma babu wanda zan faɗa wa a gida ba tare da na tayar da hankalin mutane ba.

Ni tela ce a Wudil. Tun da aurena ya mutu na dawo gaban mahaifiyarmu, nake ɗinkin mata a ɗakin da ke kusa da zaure. Ina da ƙanwa, bari in kira ta Radiyya, na girme ta da shekara tara. Ita ce 'yar tallata. Duk sabon ɗinkin da na fitar ita ke fara sakawa, ta tsaya jikin katangar gidanmu ko mu taka bakin gada da yamma, in ɗauke ta hoto in ɗora a waya. Ga surutu kamar ta ari baki. Keke na ƙara ita ma tana ƙara, har sai na kore ta, ta fita ta zagayo ta dawo da wani labarin.

Bara ta yi aure. Mijin, Muhyiddeen, malami ne, mutum mai natsuwa, ita ta kawo shi da kanta. Ba a jima ba ya samu tafiya ƙaro karatu Malesiya, ya tafi da ita. Kafin tafiyar na zauna na ɗinka mata kaya kala goma sha huɗu. Kowanne na haɗa shi da mayafinsa da ɗankwalinsa da ɗan kunnen da ya dace, na sa a leda daban, har takarda na liƙa: wannan na bakin ruwa, wannan na gaban masallaci, wannan in za ku fita cin abinci. Muka yi alkawari duk Juma'a za ta saka ɗaya ta turo mini hoto.

Da farko mijin ne ke ɗaukarta. Bai iya ba ko kaɗan, ya yanke ƙafa, ya sako yatsansa a gefe, amma a kowanne za ki gan ta tana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa sai faɗa nake yi, in ce ɗaurin ya karkace, ko ta juya baya ga rana ta ɓata mini kalar atamfa. Hotunan sun jawo mini mutane, ba zan ɓoye ba. Daga Darki da Utai, har daga cikin Kano, mata na zuwa da waya a hannu suna cewa irin na Radiyya suke so. Ummanmu kuwa baki har kunne, gida-gida take bi tana nuna wa maƙwabta 'yarta a ƙasar waje.

Wajen wata na shida hotunan suka gyaru, babu yanke ƙafa, babu yatsa. Na yi ta yabo. Sai daga baya na lura duk daga ƙasa ake ɗaukarsu. A ɗaya ma ga gefen jakarta nan ya fito a kusurwa. Ashe jingina wayar take yi a kan benci, ta tokare da jaka, ta ja baya ta tsaya. Ita kaɗai take shiryawa, ita kaɗai take fita, ita kaɗai take dawowa.

Sannan ga wata koriyar atamfa cikin kayan da na ɗinka mata. Ni na auna ta, ni na yanka, cif ta zauna mata ranar da ta gwada. A hoton sai na ga ɗinkin gefe ya gudu baya, kafaɗa ta sauko, hannun rigar yana lilo. Wani ba zai gani ba, amma ni na san an tattare rigar an soke da fil ta baya. A ƙiyasina ta zubar da inci uku ko fiye. Amma Anti, kin san me na rubuta mata? Cewa na yi ta daina tsuke mini riga da fil tana ɓata mini ɗinki. Wallahi ban san ta yadda zan fara ba ne. Ta turo alamar dariya, daga nan na yi kwana goma ban ji ta ba. Da ta dawo turowa, sai abaya da bubu kawai, kayan da ba sa nuna komai.

Ba ta taɓa cewa akwai matsala ba. In na tambayi gida ta ce lafiya lau, Malam yana makaranta. Kira kuma ya yi wuya, sun riga mu da awa bakwai, kafin in tashi daga kan keke sun kwanta. Maƙwabciyarmu Hansai da na ɗan gutsura mata sai ta hau guɗa, wai ciki ne. Umma tana da hawan jini, ba zan iya ɗora mata wannan ba. In kira mijin kuma, ina tsoron ya ga na shiga hurumin da ba nawa ba, in ɓata mata zama.

Wani lokacin ina zargin kaina. Ko ni ce kewa ta yi wa yawa nake ganin abin da babu? Don gaskiya ɗakin nan ya yi mini faɗi. Ranar Juma'a gari ya cika da 'yan kasuwa, motoci har kan gada, ni ina zaune ina jiran hoto ɗaya. In ya zo in buɗe shi, in yi ta ƙara girmansa ina duba wuyanta da yatsunta, sannan in ɗora a shafina in rubuta farashi. Ina jin kunyar hakan. Ga salla na matsowa, akwai mai tafiya can da zai kai mata kaya, ban ma san da wane awo zan yanka ba.

In yi shiru ne, ko in yi magana? In magana ce, da wa zan fara?

Taki,
Mai ɗinki daga Wudil

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata mai ɗinki.

Ki daina zargin idonki. Kina kewarta, haka ne, amma kewa ba ta matsar da ɗinkin gefe. Kin ga abu, kuma ya cancanci a tambaya.

Sai dai abin da kika gani rama ce da fita ita kaɗai, ba ki ga dalili ba. Yana iya zama abincin can ne bai karɓe ta ba. Yana iya zama Hansai ta yi gaskiya, laulayi na ramar da mace. Yana iya zama zaman ɗaki ne, yarinya mai surutu ta wuni ba ta da wanda za ta ce wa sannu da Hausa. Kada ki yi saurin ɗora wa Muhyiddeen laifi, mai irin wannan karatun yakan fita da safe ya dawo a gajiye, kuma wanda ke ganin mutum kullum shi ne na ƙarshen lura da ramarsa.

Yanzu bari in ɗan taɓa ki, ki yi haƙuri. Na sake karanta wasiƙarki ina neman abin da kika faɗa wa Radiyya tun tafiyarta. Ɗauri ya karkace, kala ta ɓaci, fil ya ɓata ɗinki. Duk maganar tela ce. Ita kuwa yayarta ta bari a Wudil. Mace ba ta yin wanka ta yi kwalliya ta hau mota ita kaɗai duk Juma'a don tallan atamfa kawai. Ta gane cewa hoto ne hanyar da take samun amsarki, shi ya sa ba ta fasa ba ko da babu mai ɗaukarta.

Ki kira ta da murya, ba rubutu ba. Awa bakwai ba hujja ba ce: ƙarfe takwas na safenki ƙarfe uku ne na yammarta, lokacin da take ita kaɗai. Keken zai jira. Kada ki fara da ramarta, za ta ce lafiya lau ta rufe maganar. Ki fara da kanki. Ki faɗa mata abin da kika faɗa mini, cewa ɗakin ya yi miki faɗi. Ƙanwa takan ji nauyin kai kuka wurin yayar da ba ta taɓa nuna tata damuwar ba. Ki ba ta haƙuri kan maganar fil, ki ce tsoro ne ya sa bakinki ya kauce. Sannan ki sauke mata alkawarin Juma'a, ki ce ko da hoto ko babu za ki riƙa kira.

In ba ta buɗe ciki ranar farko ba, kada ki matsa, ki sake kira jibi. In ramar ta ci gaba, ki sa ta ga likita. Da saninta za ki iya gaisawa da mijin, ki yi masa godiya, ki roƙe shi ya haɗa ta da matan 'yan'uwansa ɗalibai, don da wuya a rasa 'yan gida a can. In kuwa kika ji abin da ya wuce kaɗaici, to a nan ne za a sanar da manya, ba tare da jinkiri ba. Umma a bar ta da murnarta har ki san gaskiyar abin da za ki faɗa mata.

Ke ma ki riƙa fita. Ki je gidan 'yan'uwa, ki zauna a sha hira. Ba za ki iya ɗebe wa Radiyya kewa ba alhali taki ta rufe ki.

Kada ki jira Juma'a, gobe da safe ki kira ta. Allah Ya sa ki ji alheri, Ya ba ta lafiya da zaman lafiya a ɗakinta, ke kuma Ya yaye miki wannan kaɗaici.

Anti Barakatu