Mun Gano Tsibirin Kakanmu, Amma Dangi Sun Daina Amsa Waya

Anti Merle, don Allah ki taimake ni kafin in ƙara yin wata ɓarnar, don murna ta riga ta sa na yi guda, kuma na san halina.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Mackay, Ostareliya. Kamar yawancin mutanenmu, jikokin waɗanda aka kwaso daga tsibirai, na tashi da sanin cewa jirgin ruwa ne ya kawo kakan mahaifiyata yankan rake yana yaro, amma daga wane tsibiri, oho. Sunan da masu gona suka laƙaba masa kawai muka sani, Jimmy, kuma ke ma kin san yawan masu wannan suna a maƙabartarmu. Kawu Cedric, wan mahaifiyata, jikan Jimmy ta wajen uba, shi ne babbanmu yanzu, shekararsa tamanin da huɗu. Tun ina ƙarama yake cewa ba ya son ya mutu bai san inda kakansa ya fito ba.

Bara na fara zuwa taron ƙungiyar masu binciken asali da ake yi duk Alhamis a ɗakin karatu na gari. Tsofaffi ne zalla, ga shayi ga biskit, ni ce autarsu. Akwai wata Glenys, tsohuwar malamar makaranta, wadda ba ta yarda da komai sai takardu uku sun yi magana ɗaya. Sau biyu ina kawo mata wani Jimmy da na tono a takardu ina rawar jiki, tana sauke tabarau ta ce wannan kakan wasu ne, in mayar musu da abinsu. Har na fara jin haushinta. Sai ga shi a wani tsohon littafin baftisma mun ga Jimmy da sunan matarsa, wadda muka sani, a gefe kuma an rubuta sunansa na gida, Tarisese, daga tsibirin Ambae a Vanuatu. Glenys ta rubuta wa ma'ajiyar takardun tarihi ta Brisbane, suka turo jerin mutanen jirgin da ya kawo shi, da takardar da ta ba shi izinin zama lokacin da aka kwashe sauran masu yankan rake aka mayar tsibiransu. Uku cif! Anti, ihun da na yi sai da mai kula da ɗakin ta fito, Glenys kuwa ta rungume ni tana hawaye tana cewa in yi shiru.

Ban tsaya nan ba. Na tuƙa mota har Bowen ranar Lahadi, cocin da 'yan Vanuatu masu zuwa tsinkar tumatir suke taruwa, na yi ta faɗin sunan kamar mai talla. Wani mutum ya ajiye farantin abincinsa ya ce in maimaita. Shi ya haɗa ni da Dunstan, malamin firamare a ƙauyen asalinmu can Ambae, tattaɓa-kunnen ƙanin Tarisese. Ashe ba su manta ba. Har yau suna ba yara labarin saurayin da ya gangara bakin teku da kwakwa bai dawo ba, kuma gonar da aka ware masa tana nan da sunansa, iyalin Dunstan ke noma gwaza a ciki. Mako biyu kullum muna waya, yana ce mini ƙanwa.

To ga inda na kwafsa. Na roƙe shi hoton gonar, ya turo. Na ɗora a Facebook na rubuta, "Ga ƙasarmu ta gado, muna nan zuwa!" Na sa sunayen dangi kusan sittin. 'Yan'uwana da ba sa raina abin wasa suka shiga raba filin a ƙarƙashin hoton, wannan zai gina gidan hutu, wancan zai buɗe shago. Tun ranar Dunstan bai ƙara amsa waya ba, yau mako uku, saƙo kuma yana karantawa ya yi shiru.

Na riga na yanki tikitin jirgi biyu na watan Agusta, nawa da na Kawu. Ban gaya masa an yi shiru ba, yana can yana sanar da duk wanda ya gamu da shi a kasuwa. Har yanzu in na tuna mun gano su sai in ji kamar in taka rawa, sai kuma gabana ya faɗi. In rufe ido mu tafi kawai, in sun gan mu sa huce? Ko in ci gaba da kira?

Jikar mai yankan rake, Mackay

AMSA

'Yata, barka da arziki. Mutanenmu da yawa sun shekara ashirin suna tonon takardu ba su samu ko sunan tsibiri ba, ke kin samu suna da ƙauye da mai ce miki ƙanwa. Ki gaishe mini da Glenys, irinta ake nema.

Sai dai ki daina kiran nan, kuma kada ki kuskura ki kai tsoho ƙofar da ba a buɗe muku ba. Ke da kika rubuta "ƙasarmu" tushe kike nufi, na sani. Amma a can gona ita ce abinci da kuɗin makarantar yara, kuma Kawunki jika ne ta wajen ɗa namiji, irin wanda maganarsa kan iya tayar da shari'ar fili. Dunstan ya buɗe waya ya ga mutum sittin daga Ostareliya suna rabon inda yake haƙar gwazarsa, da hoton da shi ya turo da hannunsa. Ina kyautata zaton dattawa sun tsare shi da tambaya, shirunsa ya fi kama da na wanda aka ce wa ya dakata. Ba ki yi da mugun nufi ba, su ma ba su yi rashin zumunci ba, mutanen da suka riƙe sunan yaro fiye da shekara ɗari.

Ki cire hoton daga Facebook yau, ki ce wa masu raha su goge nasu. Sannan ki je ki gaya wa Kawu Cedric komai. Zai yi faɗa, ki haƙura ki sha. Kuskurenki na biyu ke nan, kin shige gaban babba, alhali magana irin wannan daga dattijo take fita ta isa kunnen dattijo. Ki ɗauki muryarsa a waya yana faɗin sunansa da na ubansa da na kakansa, ya ce a fili ku ba gona kuke nema ba, gonar ta masu noma ta ce, izinin zuwa gaisuwa kuke roƙo. Ki kai saƙon wurin mutumin nan na Bowen da limamin cocinsu su isar wa mai gari, ki kuma tambaye su abin da baƙo ke riƙowa a hannu. Naki ban haƙurin ga Dunstan ya biyo baya, layi uku, ba kare kai.

In amsa ba ta zo kafin Agusta ba, a ɗaga tikitin, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma saƙon kada ya kwana biyu, don ana ɗaga tikiti, shekarun Kawu kuwa ba mai ɗaga su. Allah ya sanyaya zukatansu, ya ba shi lafiya da kwana, ya sauka a ƙauyen kakansa ya tarar an yi masa shimfiɗa.

Anti Merle