Kwali Ɗaya da Ba Ya Cikin Takarda

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Kaya sun tashi, alhamdu lillahi. Na tsaya a bakin layinmu na kasuwar Ogbete, nan Enugu, har motar ta sha kwana, ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka biya wa Makka. Zoɓo da citta, duk a kwali, kowanne da sunana a jiki. Ni Juwairiyya da ko Legas ban taɓa takawa ba, ga sunana zai riga ni zuwa Ingila.

Tun kafin azumi nake fama da takardu. Rajistar kamfani, ta banki, ta masu duba lafiyar kayan gona, jerin kaya. Duk wadda na kammala sai Aslam ya bugo ya ce saura ɗaya. Aslam shi ne ejan ɗina a Fatakwal, shi ya san ƙofar kowane ofis, shi kuma ya haɗa kayana da na wasu 'yan kasuwa a kwantena ɗaya tunda nawa ba su isa su cika ta ba. Shekaranjiya na sa hannu a ta ƙarshen, wadda ke cewa abin da ke rubuce shi ne abin da ke ciki.

Ana cikin lodi Baba Mijinyawa, aminin marigayi Abba, ya iso da wani kwali ɗaure da igiya. Ya ce saƙo ne, ga suna da lambar waya a jiki, in kaya sun sauka Madam ɗin Ingila da ta sayi kayana ta kira mai shi. Na karɓa da hannu biyu na ce a sa a tsakiya kada ruwa ya taɓa.

Alhamis, 4 ga Yuli

'Yata Baiwa ta gaya wa 'yan ajinsu wai mamanta na da jirgin ruwa. Ban gyara mata ba.

Talata, 9 ga Yuli

Bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Ina auna wa wata mata citta Aslam ya kira. Ko gaisuwa babu. "Hajiya, kwali nawa kika ɗora?" Na faɗa masa. Ya ce to kwastan sun ware kwantenar gefe, an samu kwali ɗaya da ba ya cikin takarda, kuma da aka haska ta da na'ura abin da ke cikinsa bai yi kama da ganye ko citta ba. Sai a lokacin na tuna. Har dariya na yi, na ce af, ai saƙo ne.

"Saƙon me?"

Na ce ban sani ba.

Ya yi salati, ya ce takarda ba ta san saƙo ba, sa hannu ta sani, kuma sa hannun nawa ne. Duk abin da aka ciro daga kwalin nan, ni na sa shi. Ya ce kwanakin baya an tafi da wani a tashar kan irin wannan, har yau bai ga an dawo da shi ba. Ban tambayi me aka samu ba. Na sani.

Matar da nake auna wa citta ta gaji ta tafi, ban ma ga fitarta ba.

Laraba, 10 ga Yuli

Tun ina yarinya haka na tashi na gani. Mota za ta Kano, kowa ya fito da ƙullinsa, direba ya karɓa ya cusa ƙarƙashin kujera. Ba ya tambaya, ba ya buɗewa. Wanda ya tambayi abin da ke cikin saƙo ai ya ce maka ɓarawo ne kai ko shi. Shekara da shekaru, ban taɓa jin ƙulli ya ɓata ba. To ta ina zan san jirgin ruwa ba motar Kano ba ce?

Na sani mana. Aslam ya sha gaya mini, ko allura kada a ƙara. Kawai ban ɗauki saƙo a matsayin kaya ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na je wajen Baba Mijinyawa. Na durƙusa, an tashi lafiya, ya iyali, ya kasuwa, ya damina, ya jikin Hajiya. Na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman rance, har shi ya ce, "'Yar nan, bakinki da magana."

Da na faɗa masa sai ya gyara zama. Ya ce ai ba nasa ba ne. Wani bawan Allah ne, Malam Kallamu, mai sayar da wake a kasuwar Head Bridge ta Onitsha, suka haɗu a wajen ɗaurin aure, ya ji labarin 'yar Alhaji za ta tura kaya Ingila, shi ne ya aiko da kwalin a kai wa 'yarsa. Na ce Baba, ko ya faɗi abin da ke ciki? Kallon da ya yi mini, da ƙasa za ta tsage da na shige. "Ke kin taɓa ganin an buɗe saƙo?"

Ba shi da lambar mutumin. Ya ce kowa ya san shi a Head Bridge. Lambar 'yar kuma tana jikin kwali, kwali na cikin kwantena, kwantena na hannun kwastan. Ni ma ban kwafa ba.

Na zo da tsoro ɗaya na koma da biyu.

Asabar, 13 ga Yuli

Onitsha. Ruwa tun daga tasha, na hau okada, taɓo har gwiwa. Na sami rumfar a rufe da tamfol. Maƙwabcinsa ya ce Malam Kallamu ya tafi gida, can wani ƙauye bayan Gumel, mahaifiyarsa ba lafiya, kuma garin sai an hau tudu ake samun layi. Mun gwada lambar, a kashe.

Mutumin ya ga fuskata, yana so ya kwantar mini da hankali. "Hajiya kada ki damu, Malam mutumin kirki ne. Duk layin nan shi ake ba saƙo, ba ya cewa a'a."

Da ya san abin da ya yi mini da wannan maganar! Wato shi ma mai yiwuwa wani ne ya ba shi. Ni na karɓa daga Baba, Baba daga Kallamu, Kallamu daga wa? Kowa mutumin kirki, kuma sunana ne kaɗai a takarda.

Litinin, 15 ga Yuli

Wata mata da kayanta ke cikin kwantenar ta samo lambata. Garin rogo da agushi take turawa. Ta wanke ni tas da Igbo, tana zaton ba na ji. A Enugu aka yanke mini cibiya, ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Ban rama ba, gaskiyarta ce.

Laraba, 17 ga Yuli

Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai gabana ya faɗi. Yau masu karɓar harajin kasuwa ne, amma sai da na zauna a kan buhu.

Juma'a, 19 ga Yuli

An sa ranar buɗewa, Talata, kuma dole mai sa hannu ta kasance a wurin.

Na gaya wa Inna rabin zancen, na ce matsalar takarda ce. Ta dube ni ta ce takarda ce ta hana ki cin tuwo? Sai na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Na nuna mata inda maganin asmar Baiwa yake da yadda ake shaƙa mata. Ta ce ki daina yi mini wasiyya, ba na so.

Abin da ya fi ci mini rai Baiwa ce. Uba ya rasu, in kuma aka ce uwa tana tsare kan ƙwaya, wa zai ƙara barin 'yarsa ta yi wasa da ita a unguwar nan?

Litinin, 22 ga Yuli

Na haɗa jaka. Na sa zani biyu da hijabi da carbi. Na cire zani ɗaya, na ce wannan mugun fata ne. Na mayar.

Laraba, 24 ga Yuli

Jiya ban iya rubutu ba.

Aslam ya tarye ni a tashar mota ya kai ni tashar jiragen ruwa. Wuri ne mai faɗi, kwantenoni jere kamar gidajen unguwa, ga ƙarar manyan motoci ba ka jin na kusa da kai. Aka yanke hatimi a gabana. Aka yi ta fito da kayan mutane ana jibgewa, har aka zo kan nawa, har aka zo kansa. Igiyar nan shuɗiya, ƙullin yana nan yadda na karɓe shi.

Wata jami'a ce mai safar hannu. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Madam, na your own?" Na ce saƙo ne. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Na ce nawa ne.

Ta sa wuƙa. Kilishi ya fara fitowa, naɗe a takardar siminti. Daddawa, har wani jami'i ya toshe hanci. Man shanu a gora, shi ne ya ɗiga ya jiƙe gefe. Yaji, kimba, masoro. Sai wata 'yar hular saƙa ta jariri da safa. A nan na gane, kayan jego ne, 'yar Malam haihuwa ta yi. Numfashina ya dawo.

Sai ta ɗago wata leda daga ƙasa. Farin gari, ba suna, ba komai.

Na ce kanwa ce, wallahi kanwa ce, ta kunun mai jego. Ta dube ni ta ce, "You talk say you no know wetin dey inside. Now you know?" Wato da na ce ban san abin da ke ciki ba, yanzu kuma na sani? Ni kaina da na sake kallon ledar sai na ji ban tabbata ba. Kanwa nawa na daka a rayuwata, amma a hannun mai safa sai ta zama wani abu daban.

Sun ɗebi kaɗan za a kai gwaji. Na yi bayani a rubuce, na sake sa hannu, alƙalamin na zamewa don gumi. Aslam ya tsaya mini, suka ce in tafi, amma kada in yi nisa kuma kada wayata ta mutu. Na dawo Enugu da zannuwana biyu.

Asabar, 27 ga Yuli

Jirgin ya tashi ba mu.

Talata, 30 ga Yuli

Shiru. Wayar tana caji ina tsaye a kanta. In kanwa ce me ya sa aka daka ta? Ai a dunƙule ake aikawa. Ko don ta yi sauƙin ɗauka. Ko kuma... a'a. Astagfirullah, ina zargin mutumin da ban taɓa gani ba, mahaifiyarsa na kwance.

Juma'a, 2 ga Agusta

Kanwa ce.

Aslam ya faɗa sau biyu kafin na fahimta. Na zame na zauna a ƙasan shago, na yi ta hamdala, maƙwabta suka taru suna zaton rasuwa aka yi.

Saura kuma ga shi. Akwai tara, akwai kuɗin ajiya, takardu kuma daga farko, don wasu sun daina aiki tunda jirgi ya wuce. Kwalin ba zai tafi ba, ba kuma za a dawo da shi ba, saboda naman, ƙonawa za a yi. Na roƙa ko hular a ba ni, Aslam ya ce Hajiya ki bar maganar nan. Madam ɗin Ingila ta ce za ta yi tunani. Na san irin wannan tunanin.

Litinin, 5 ga Agusta

Baba Mijinyawa ya zo jaje. Ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya kiyaye gaba. Na ce amin. Har ya miƙe sai ya juyo. "To yanzu me zan ce wa Kallamu? Amana ce fa ba ta kai ba."

Ban san lokacin da na ce, Baba, ni ma ai amanar amininka ce. Ya sa takalminsa ya tafi. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai yau. Na kuma ji a layi ana cewa 'yar Alhaji ta tsaya tana kallo aka ƙone saƙon mutane.

Alhamis, 8 ga Agusta

Na sake zuwa Onitsha. Malam Kallamu ya dawo, mahaifiyar ta rasu. Ɗan tsoho ne siriri, yana ta ba ni haƙuri ina ba shi. Matarsa ce ta daka kanwar da hannunta. Jikansu na fari ne, namiji. Na kasa kallon idonsa.

Da zan fito da safe Inna ta ba ni ƙulli in miƙa wa Gwaggo Sa'a tunda hanya ce. Na sa a jaka. Muna wuce Awka na ji jakar ta yi mini nauyi a cinya. Ba wani abu ba ne, kawai dai na ga akwai shingen 'yan sanda a gaba, kuma gara mutum ya sani. Na juya wa ta kusa da ni baya, na kwance ƙullin.

Goro ne da sabulu da turaren wuta.

Na mayar na ɗaure, na kwance, na sake ɗaurewa. Ƙullin Inna daban ne, ban taɓa iya shi ba. Gwaggo ta karɓa ta juya shi a hannu, ta dube ni, ta ce in gaida Inna.